Tambayoyinku kan kwamfuta: Sabuwar fitowa ta cancanci kuɗinta?

Yawancin wasiƙun wannan wata a kan abu ɗaya suka zo: kamfanoni sun sake zubo kwamfutocin tebur da sababbin sunaye da lambobi, farashi kuma ya hau. Ga waɗanda muka zaɓa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi. Muna rajistar jarrabawa a intanet, muna kuma haɗa katin biki da kalanda da CorelDRAW. Kwamfutata ta gaji. An nuna mini sabuwa fil a kwali mai Core Ultra 5, da kuma HP EliteDesk ta hannu mai i5. Kuɗin sabuwar zai sayi ta hannun guda uku. Wacce zan ɗauka?
Mai shago, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, aikin da ka lissafa ta hannun za ta ɗauke shi ba tare da ta yi nishi ba, amma sai ta cika sharuɗɗa uku. Idan ta gaza ko da ɗaya, ka bar wa mai ita abarsa.

Na farko shi ne zubin furosesar, wato jerin fitowar sashen da ke sarrafa aikin kwamfuta (i5 ɗin da ka ambata). Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ƙarin wa'adin gyaran tsaro da ya buɗe wa masu amfani da ita a gida kuma ya sa ƙarshensa a Oktoban 2026. Windows 11 kuwa ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na 8, sannan tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke kan madabod, babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta. Shagon da ake shigar da bayanan mutane, ana biyan kuɗi ta intanet kullum, bai kamata ya zauna a kan manhajar da aka daina toshe wa kafofi ba. A jerin EliteDesk 800, G3 zubi na 6 ko na 7 ce, G4 zubi na 8, G5 na 9, G6 na 10. A wajen Dell, OptiPlex 7050 tana ƙasa da layin, 7060 ce ta fara hayewa. A Lenovo, ThinkCentre M710 tana ƙasa, M720 tana sama. Ko a jikin ƙarfen akwai tazara: i5-7500 cibiyoyin sarrafa aiki huɗu gare ta, i5-8500 tana da shida.

Kada ganin Windows 11 a fuskar monita ya ruɗe ka. Akwai hanyar da masu gyara ke bi su cusa ta a kan tsohuwar na'ura. Za ta tashi, za ta yi aiki, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin sabunta irin waɗannan ba, kuma duk lokacin da babban sabuntawa na shekara ya fito, yawanci sai an sake komawa wurin mai gyara.

Na biyu, ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, ya zama gigabait 16. Takwas zai buɗe Word da burauza, amma da ka buɗe CorelDRAW da manyan hotuna, ga shafuka goma a Chrome, sai jan ƙafa ya fara. Ka nemi sanda biyu masu 8 kowacce maimakon sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda idan sandunan biyu ne, kuma kwamfutar da ba ta da katin girafik (katin nuna hoto) na daban ta fi kowa jin wannan bambanci.

Na uku, ma'ajiyar ta zama SSD, wato wadda ba ta da faifai mai juyawa. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD mai wayar SATA tana kai 550, NVMe da ake kwantarwa a kan madabod tana haura 3,000. Mafi yawan nawar da masu shago ke ɗora wa furosesa daga faifai take fitowa. Ka sa SSD mai gigabait 512, ka bar tsohon faifan a matsayin na biyu don ajiye ayyukan kwastomomi.

Sabuwar ta fi ta gudu, babu musu, kuma tana zuwa da garanti idan a hannun dila na gaskiya aka saya. Sai dai gudun nata zai bayyana ne a aikin da ba ka yi. A shago irin naka, kwamfuta biyu masu kyau sun fi ɗaya mai tsada kawo ciniki: lokacin rajista layi yakan yi tsawo, kuma ranar da ɗaya ta tsaya ba ka rufe ƙofa ba. Kason na uku ka sa shi a UPS da batir.

TAMBAYA: Wani mai sayarwa ya ce mini i7 ta fi i3 ko ta yaya. Ya ba ni i7 ta hannu a farashin da bai kai na sabuwar i3 ba. Na ga kamar garaɓasa ce.
Ɗaliba, Katsina

AMSA: Malama, ki tambaye shi lambar da ke bin i7 ɗin. Sunan i3, i5, i7 yana nuna matsayi ne tsakanin 'yan zubi ɗaya kawai. Idan lambobin huɗu ne, ta farkon ita ce zubin: i7-4770 zubi na 4 ce, ta shekarar 2013. Idan biyar ne, biyun farko ake karantawa: i3-12100 zubi na 12 ce, ta 2022. Dukansu cibiya huɗu gare su, kuma i3 ɗin ta yi wa i7 ɗin fintinkau a kowane aiki, ga ta da ƙarancin cin wuta, ga Windows 11 ta karɓe ta. Tsohuwar i7 ɗin da tsohon nau'in ram DDR3 take aiki, ba ta da gaba.

Ki kuma duba harafin ƙarshe. T na nufin mai tsimin wuta, wat 35, irin da ake sa wa ƙananan akwatuna. F na nufin babu sashen nuna hoto a cikinta, dole sai an haɗa da katin girafik, in ba haka ba monita ba zai nuna komai ba. K ta masu son matsa wa na'ura ce, kuɗinta da zafinta duk sun fi, aikin makaranta ba ya buƙatarta.

TAMBAYA: Ofishinmu zai sauya kwamfutoci takwas. An kawo mana takardun farashi uku: zubi na 13, na 14, da Core Ultra da aka ce mai AI ce. Shin ƙarin kuɗin yana da dalili?
Jami'in sayayya, Kaduna

AMSA: Ranka ya daɗe, tsakanin na 13 da na 14 kusan babu abin biya. Zubi na 14 da Intel ya fitar a Oktoban 2023 gyaran fuska ne aka yi wa na 13, mazauninsu ma ɗaya ne a madabod, LGA1700. Ɗauki i5-13400 da i5-14400: kowacce cibiya goma, iyakar gudun ta farko 4.6 GHz, ta biyu 4.7. Babu ma'aikacin da zai gane wannan a Excel. Inda aka yi ƙari na gaske shi ne i7, domin 14700 cibiya 20 gare ta, 13700 kuwa 16. Saboda haka a matakin i5, wadda ta fi sauƙi ita ce zaɓi.

Akwai wata matsala da ya wajaba ka sani. A 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesoshin tebur na zubi na 13 da 14 suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, wanda ke lalata su a hankali har kwamfuta ta riƙa tsayawa ko ta mutu a tsakiyar aiki. Abin ya fi shafar i7 da i9 da i5 masu harafin K. Maganin yana zuwa ne ta sabunta BIOS (manhajar madabod da ke tashi kafin Windows), gyaran da ake kira 0x12B na Satumban 2024, kuma kamfanin ya ƙara wa waɗanda abin ya shafa shekara biyu na garanti. Gyaran yana kare lafiyayya ne, ba ya dawo da wadda ta riga ta lalace. Idan za ku sayi i7 daga waɗannan zubi biyu, ku sa a yarjejeniya cewa dila zai sabunta BIOS kafin ya kawo. Ta hannu daga cikinsu kuwa, wadda ba a san yadda aka yi amfani da ita ba, ba mu ba da shawarar a taɓa ba.

Core Ultra na tebur, wanda ya fito a Oktoban 2024, sabon gini ne: mazauni LGA1851, ram DDR5 kaɗai, kuma ya fi na baya tsimin wuta. Maganar AI ɗin ce ake ƙara wa gishiri. Microsoft yana neman sashen AI mai ƙarfin TOPS 40 (TOPS ma'aunin gudun lissafin AI ne) kafin ya kira na'ura Copilot+, laƙabinsa na kwamfuta mai AI, wanda ke cikin waɗannan furosesoshin tebur kuwa 13 ne. Sannan ChatGPT da makamantansa da ma'aikata suke buɗewa a burauza, a can cikin na'urorin kamfanoninsu suke aiki, kwamfutar zubi na 8 ma tana buɗe su daidai da sabuwa.

Sunaye ma sun canza. A Janairun 2025 Dell ya ajiye sunan OptiPlex ya koma Dell Pro, don haka kada a ce muku wani sabon nau'i ne da ya fi na da daraja. Ku jera takardun nan uku, ku kwatanta cikakkiyar lambar furosesa, yawan ram, girman SSD, shekarun garanti, da ko akwai lasisin Windows 11 Pro na asali. Sau da yawa takardar da ke ɗauke da sabuwar furosesa ita ce aka rage wa ram zuwa 8 don farashi ya yi kyan gani. Wannan ragin ya fi ciwo a yanzu, domin tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo saboda cibiyoyin AI suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa, har Micron ya sanar a Disamban shekarar cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa na Crucial. Ku karɓe su da 16 tun daga farko.

TAMBAYA: Ina tace bidiyon biki da na talla, yanzu yawanci 4K ake kawo mini. Ina tsakanin Mac mini M4 da haɗa babbar kwamfuta mai katin girafik na RTX. Wanne ya fi?
Mai tace bidiyo, Kano

AMSA: A nan ne sabuwa take biyan kuɗinta, domin a sana'arka kowace sa'ar jiran aiki ya fita asara ce, ga wuta ba tabbas.

Mac mini M4 ta kamfanin Apple ta fito a ƙarshen 2024 a kan dala 599, da ram gigabait 16 da ma'ajiya gigabait 256. A wannan kuɗin da wuya a haɗa mata kishiya. Tana da sashe na musamman da ke karantawa da fitar da nau'o'in fayil ɗin bidiyo H.264 da HEVC da ProRes, Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna gudu a kanta, kuma bisa alƙaluman Apple iyakar abin da take ja wat 65 ne, idan tana zaune ba aiki wat 4. Ga mai aiki da inbata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalarta a ƙari take. Ram ɗinta a haɗe yake da furosesa, abin da ka saya da shi za ka zauna har ta mutu. Daga 256 zuwa 512 kuwa dala 200 Apple ya ɗora, alhali bidiyon da aka ɗauka a megabit 100 cikin daƙiƙa yana cin gigabait 45 a sa'a guda. Biki ɗaya mai kyamara biyu zai cika ta. Dabarar ita ce a sayi mai ƙaramar ma'ajiya, a haɗa NVMe ta waje mai terabait 1 ko 2 ta ramin Thunderbolt, a riƙa aiki daga kanta. Ba ta da faffaɗan ramin USB na da, sai ka tanadi mahaɗi don filas da firinta. Monita da kibod da maus ma daban ake saya. Idan ta samu matsala, masu iya buɗe ta kaɗan ne ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, kayan gyaranta kuma sai an yi oda.

Babbar kwamfuta ta fi tsada a farko, ta fi cin wuta, amma kowane sashe nata ana cirewa a sauya, kuma ta fi ƙarfi a After Effects da aikin 3D da gyaran launi mai nauyi. Idan ita ka zaɓa, ga ma'aunin da muke ganin ya dace: i5 ko i7 daga zubi na 12 zuwa sama, ko Ryzen 7 a mazaunin AM5, ram 32, NVMe ɗaya ga manhajoji da wata ga aiki, kati mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 aƙalla, 12 ko 16 in da hali, da fawa-fak (sashen da ke raba wa kwamfuta wuta) mai suna na wat 650. Kada ka rage kuɗi a fawa-fak, shi ne yake kashe sauran kaya idan ya ƙone.

Ka duba irin fayil ɗin da kyamarorinku ke fitarwa kafin ka biya. Sababbin kyamarorin Sony da Canon suna ɗaukar HEVC mai bit 10 a tsarin 4:2:2. Katunan NVIDIA ba su fara karanta wannan kai tsaye ba sai a jerin RTX 50 na 2025, amma sashen hoton da ke cikin furosesar Intel daga zubi na 11 yana karantawa, haka ma Mac. Wanda ya haɗa RTX 3060 ko 4060 da furosesa mai harafin F don ya rage kuɗi, zai ga bidiyo yana sarƙewa a kan layin tacewa, ya yi ta zargin katin alhali ba laifinsa ba ne.

Idan yankawa da haɗawa da ɗan gyaran launi ne yawan aikinka, Mac mini ta isa. Idan rubutu mai motsi da zanen 3D ne ke kawo maka kuɗi, ka haɗa babbar.

TAMBAYA: Na sayi siririyar OptiPlex ta ofis. Zan iya sa mata RTX 5060 don wasanni?
Matashi, Jos

AMSA: A'a. Katin yana jan wat 145, NVIDIA kuma yana neman fawa-fak na wat 550. Na cikin siraran kwamfutocin ofis tsakanin 180 ne da 260, ba shi da wayar da ake cusa wa kati, kuma mahaɗinsa na kamfanin ne, ba ka cire shi ka sa na kasuwa kai tsaye. Akwatin ma yawancin katunan ba za su shige shi ba. Abin da za ta ɗauka shi ne gajeren kati da ke shan wuta daga raminsa kaɗai, wanda iyakarsa wat 75 ne, kamar RTX 3050 mai gigabait 6 a gajeren jiki. Ka auna tsawon wurin da rula kafin ka je kasuwa.

TAMBAYA: Muna da ƙaramin asibiti, da sola muke aiki. Batir 12V 200Ah guda ɗaya muka ware wa ofis. Wace irin kwamfuta ce ba za ta shanye shi ba?
Ma'aikaciyar lafiya, Maraɗi

AMSA: Hajiya, bari mu yi lissafin. Batirin nan yana ɗauke da wat-awa 2,400. Idan na ruwa ne ko jel, rabi ake ɗiba don kada ya mutu da wuri, saura 1,200. Inbata yana cin nasa kason, sai a ce 1,000 ne a hannunku. Ƙaramar kwamfuta irin mai girman littafi, mai furosesar T, tana jan wat 15 zuwa 30 a aikin ofis, monita mai inci 22 yana jan kimanin 20. Jimilla 50, wato sa'a 20 ke nan. Tsohuwar doguwa da monitanta za su kai 100 ko fiye, sa'o'in sun ragu da rabi. Mai katin girafik tana cikin aiki kuwa, batirin ba zai kai sa'a uku ba. A wurinku ƙanƙanta ce abin nema, EliteDesk Mini ko OptiPlex Micro ko ThinkCentre Tiny, zubi na 8 zuwa sama. Sabuwa fil ba za ta rage muku wutar da ta kai bambancin kuɗin ba.

Firintar lesa tana jan ɗaruruwan wat duk lokacin da take ɗumama kanta, kada a haɗa ta da ƙaramin UPS ɗaya da kwamfuta. Shi UPS mai 650VA batirinsa 12V 7Ah ne, na 'yan mintocin adana aiki da kashewa ne kawai. Zafi ne babban abokin gabar batir: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi, don haka a ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da bangon da rana ke duka. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. A kashe, a zare waya, a buɗe murfi a hure da bulowa sau ɗaya a wata a lokacinta, ana riƙe fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima.

TAMBAYA: Me zan duba a shago kafin in biya kuɗin ta hannu?
Malamin makaranta, Gombe

AMSA: Malam, kada ka yarda da takardar da aka liƙa a jikin akwati. Ka kunna da kanka ka shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. A nan za ka ga ainihin furosesa da yawan ram, domin sunan da Windows ke nunawa ana iya sauya shi. Idan BIOS ya nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka bar ta. Idan kwanan wata ya koma baya, ƙaramin batirin CR2032 ne ya mutu, a sauya maka a wurin, ba tsada.

A cikin Windows, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc, ka tabbatar ya nuna 2.0. Ka zo da furogiram ɗin CrystalDiskInfo a filas: zai nuna lafiyar ma'ajiya da sa'o'in da ta yi tana aiki, kuma idan ya nuna ruwan ɗorawa, sai an sauya ta. Ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka sa bidiyo mai nauyi da shafuka da yawa na minti 15. Idan zafin furosesa ya haura digiri 90, ko fanka ta fara kuka, man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ya bushe, a goge a sa sabo a sake gwadawa. Ka cusa filas a kowane rami, gaba da baya. Yawancin waɗannan kwamfutocin ofis DisplayPort gare su ba HDMI ba, ka karɓi wayar da ta dace da monitanka kafin ka fita.

Yawancinsu daga kamfanonin Turai da Amurka aka kwaso su, kuma wasu ba a cire su daga rajistar kamfanin ba. Za ka gane haka idan aka sake loda Windows aka haɗa da intanet, sai ta nemi adireshin imel na wani kamfani ta ƙi wucewa. Ka sa a yi wannan gwajin a gabanka. Idan doguwa ce tsohuwa, ka duba bayan fawa-fak: in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, ya zama yana kan 230 kafin a soka waya, in ba haka ba nan take zai ƙone. Sannan a rubuta maka lambar jikin na'urar da kwanakin gwaji a kan rasit.